Yadda ake nemo kayan esi na tsofaffin motocin kaya da motocin gida, da yadda ake ɗaura su

Motar kaya ko bas da ta yi shekara 20 ko 30 tana aiki, da wuya a same ta da kayan esi, wato na'urar sanyaya iska, da ta fito da su daga kamfani. Ta bi ta hannun mutane da dama, kowa ya gyara ta daidai ƙarfin aljihunsa. Wani ya canza kwamfireso, wato famfon da ke matsa gas ɗin esi ya zagaya da shi, wani ya yanke tiyo ya haɗa da wani, wani ma ya sauke injin ɗungurungum ya ɗora na wata motar. Motar gida kuwa, wato wadda aka yi wa ɗaki da gado da madafi a baya don doguwar tafiya, tata ta fi rikitarwa, domin kamfanoni biyu ne suka haɗa ta. Wanda ya je wurin mai sayar da kayan gyara da sunan mota da shekararta kaɗai, in ya dace sai dai sa'a. Abin da ke ɗaure a jikin motar shi zai faɗa maka abin da za ka saya, kuma sai ka san abin da ya kashe tsohon kafin ka ɗaura sabo.

Mataki na farko: san irin esin da ke jikin motar

A motar kaya zalla esi ɗaya ne. Injin mota ke juya kwamfireso da bel, sanyi ya fito ta dashbod. A bas ta fasinja sau da yawa akwai ibaforeta ta biyu a baya (ibaforeta ita ce saƙar da ke yin sanyi, fanka ta huro iska ta cikinta), da dogayen bututun alminiyam da suka bi ta ƙarƙashin mota. Kwamfireso ɗaya ke ciyar da su duka, amma gas da man kwamfireson da irin wannan motar ke ci sun fi na mai esin gaba kaɗai. Bututun nan na ƙasa su suka fi saurin ruɓewa, musamman daidai inda maƙalan ƙarfe suka riƙe su, inda laka da ruwa ke kwana.

Motar gida tana iya zuwa da esi biyu da ba su haɗa komai ba. Na dashbod na kamfanin da ya ƙera shasi da injin ne, kamar Fiat Ducato ko Ford Transit ko Mercedes Sprinter. Sunan da aka rubuta ɓaro-ɓaro a gefen motar na kamfanin da ya gina ɗakin ne, ba zai taimake ka wajen neman kwandensa ba, wato saƙar da ke gaban lagireto tana fitar da zafin gas. Na biyun shi ne akwatin da ke kan rufi, wanda ke aiki da wutar gida ko janareta. Shi na bar shi sai ƙarshe, don gyaransa daban ne.

Kwafi lambar shasi, wadda tun daga 1981 ta zama haruffa da lambobi 17 a yawancin motoci. Da ita ake gano ainihin shekarar da aka ƙera shasin. A motar gida wannan yana da muhimmanci, domin shasi kan yi watanni a ajiye kafin a gina masa ɗaki, sai takardun mota su nuna shekarar da ta wuce ta injin.

Ka kuma san tagwayen motarka. Fiat Ducato da Peugeot Boxer da Citroën Jumper masana'anta ɗaya ke ƙera su a Italiya. Renault Master da Nissan Interstar su ma jiki ɗaya ne, haka ma Opel Movano da aka ƙera kafin 2021. Volkswagen LT da aka fara a 1996 ta yi tarayya da Sprinter ta farko a bodi. In an ce babu ibaforeta ko fankar ciki ta motarka, tambayi ta tagwayenta. Sai dai kwamfireso yana bin injin ne, shi ya sa ko a tsakanin tagwaye yakan bambanta.

Akwai kuma motocin da suka fito daga kamfani ba esi, daga baya aka sa musu. Kamfanin Diavia na Italiya ya yi irin waɗannan kayan da yawa. In ka ga tiyo na roba da aka matse da hannu, da maɓallin esi da bai yi kama da sauran maɓallan dashbod ba, to littafin kayan gyaran motar ba shi da labarin wannan esin. Sai ka bi kayan ɗaya bayan ɗaya.

Mataki na biyu: wane gas ne a ciki

Motocin da aka ƙera kafin wajen 1993 da gas ɗin R12 suka fito. An hana yin sa bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda ɓarnar da yake yi wa rufin ozon na sararin sama, kamfanoni suka koma R134a tsakanin 1992 da 1995. Sababbin motoci na yanzu da yawa R1234yf suke sha. Duba takardar da ke manne a ƙarƙashin bonet: tana faɗin irin gas da nauyinsa a giram, wani lokaci har da irin mai. In ta goge, duba bakin da ake cika gas. Na R12 mai zare ne kamar bawul ɗin taya. Na R134a ba a murɗa shi, danna masa kan geji, wato ma'aunin matsin gas, ake yi ya kama, kuma na ɓangaren ƙaramin matsi, inda gas ke dawowa kwamfireso, bai kai na babban matsi, inda gas ke fita daga gare shi, kauri ba.

Gas ɗin shi ke yanke hukuncin man da za a zuba. R12 yana tafiya da man ma'adini. R134a ba ya ɗaukar wannan man ya zagaya da shi, sai man PAG, wanda ke zuwa da lambar kauri 46 ko 100 ko 150. Motar da aka juya daga R12 zuwa R134a an fi zuba mata man esta, saboda yana haƙuri da ragowar tsohon mai. Kada a gauraya gas iri biyu. Gwangwanin nan da ake cewa yana toshe yoyo daga ciki, ni ba na ba kowa shawarar sa: yana iya daskarewa a cikin bawul da kwandensa, ya mai da ƙaramin gyara babba. Gas mai kama wuta irin na girki ma ba wurinsa ba ne, don ibaforeta a cikin ɗakin mota take.

Mataki na uku: gano abin da ya lalace

A nan ake asarar kuɗi. Da esi ya daina sanyi sai a ce kwamfireso ne, alhali shi ya fi komai tsada, kuma sau tari lafiyarsa ƙalau. Fara daga masu sauƙi.

Kunna fankar ciki. In ba ta juyawa sam, duba fis da rile da ƴar motar lantarkin da ke juya fankar. In sai a lamba ta ƙarshe kaɗai take aiki, ƴar rizistar da ke rage mata gudu ce ta ƙone, abu ne ƙarami da ke kusa da fankar. In iska na fitowa amma a raunane, duba matatar iska idan motar na da ita, da fuskar ibaforeta, wadda ƙura da ganye kan toshe.

Sai ka tada injin, ka danna maɓallin esi, ka kalli gaban kwamfireso. Fuli kullum yana juyawa da bel, amma farantin da ke gabansa sai kuloci, wato maganaɗisun lantarkin da ke manne shi da fuli, ya kama yake juyawa, da ƴar ƙara ƙas. In bai kama ba, kashe injin ka ɗaura geji. R134a da ke zaune cikin mota a zafin digiri 25 yana nuna kusan 80 a ma'aunin psi, a digiri 30 kuma ya kusa 100. In allura tana ƙasa can, gas ya tsere, makunnin matsi ne ya hana kuloci kamawa don kare kwamfireso. In gas yana nan, auna ko wuta tana isa wayar kuloci. In tana isa, auna nadin wayar da mita: na bolt 12 yakan ba da om 3 zuwa 4. Sannan auna tazarar da ke tsakanin faranti da fuli. A kwamfireson Sanden tana tsakanin milimita 0.4 da 0.8. In ta buɗe fiye da haka saboda cin shekaru, za ka ga esi yana sanyi da safe, in injin ya yi zafi sai ya saki. Cire siririyar washa ɗaya daga bayan farantin yakan magance wannan ba tare da an taɓa gas ba.

In kuloci yana kamawa amma ba sanyi, geji zai yi bayani. A lafiyayyen esi, ɓangaren ƙaramin matsi yakan tsaya tsakanin psi 25 da 45, babban kuma tsakanin 150 da 250, gwargwadon zafin rana. In allurai biyun sun matso kusa da juna, kwamfireso ya daina matsawa. In ƙaramin ya faɗi har ƙasa da sifili, akwai toshewa a bawul ɗin da ke fesa gas cikin ibaforeta, ko danshi ne ke ƙanƙara a wurin. In babban ya haura sosai, fankar kwandensa ba ta juyawa, ko datti ya cika tsakanin kwandensa da lagireto, ko an cika gas fiye da kima. In kuma geji ya nuna komai daidai, tiyon da ke dawowa kwamfireso ya yi sanyi har da raɓa, amma iska mai ɗumi ke fitowa, to matsalar tana cikin dashbod: ƙofar da ke raba iskar hita da ta esi ba ta rufewa.

Yoyo shi ne ciwon tsofaffin motoci. Cika gas ba a toshe shi ba, zuba ruwa ne a kwando. Gas yana fita tare da mai, don haka duk mahaɗin da ka ga ya yi maiƙo ƙura ta manne masa, abin zargi ne. A cika layin da busasshen naitirojin, a bi mahaɗai da ruwan sabulu, ko a zuba rinin da ke haske a ƙarƙashin fitila ta musamman. Kada a gwada da iskar famfon taya, tana ɗauke da ruwa. Iskar oksijin ta masu walda kuwa, in ta haɗu da mai fashewa take yi. Ibaforeta da ke ɓoye ana gane yoyonta ta tiyon da ke zubar da ruwan esi a ƙasan mota, rini ko maiƙo zai biyo ta nan.

Mataki na huɗu: karanta tsohon kafin ka sayi sabo

In gas ya rage a ciki, a kai mota inda za a zuƙe shi da na'ura. Sakin sa a iska laifi ne a ƙasashe da yawa, kuma in ya fesu a fata ko ido yana ƙona su da sanyi. Sa tabarau da safar hannu.

Kafin ka kwance komai ɗauki hoto. A jikin kwamfireso akwai lakabi mai sunan kamfani da lambar samfuri: Sanden, Denso, Zexel, Delphi da sauransu. Lambar nan ta fi sunan motar amfani. Sanden SD508 da SD709 na zamanin R12 ne, magadansu na R134a su ne SD5H14 da SD7H15, kuma sukan zauna a mazaunin tsofaffin. Amma samfuri ɗaya yana zuwa da fuska iri-iri, don haka sai an duba abu biyar. Bolt 12 ne ko 24, domin wasu manyan motocin 24 ne. Fuli na bel mai tsaga ɗaya ne ko biyu, ko na faffaɗan bel mai layi 4 ko 6 ko fiye. Faɗin fulin a milimita. Yadda ake ɗaure shi, ta kunnuwa ko da dogayen kusoshi da ke ratsa jikinsa. Sai murfin baya, wato inda tiyo ke shiga: a sama ne ko a baya, da zare ko da faranti. Ban da waɗannan, abin da aka fi mantawa shi ne nisan tsagar fuli daga kunnen ɗauri. In ya kauce da ƴan milimitoci, bel zai riƙa cin gefe yana sauka.

Kwandensa ana auna tsawo da faɗi da kaurin saƙarta, a lura da gefen da bakunanta suke. In ta ainihi ta ɓace daga kasuwa, akwai na gama-gari da ake sayarwa da awo. Ɗauki mafi girma da za ta shiga gaban lagireto, a yi mata maƙalai. Tiyo ma ba lallai sai na kamfani ba. Masu matse tiyo suna iya yin sabo da tsofaffin kawuna. Lambobinsa 6 da 8 da 10: lamba 8 daga kwamfireso zuwa kwandensa, 6 daga kwandensa zuwa ibaforeta, 10 mai dawowa. A nemi mai shimfiɗar leda a ciki, don R134a yana ratsa tsohuwar roba a hankali.

Batun na hannu fa? Fankar ciki, maɓallai, maƙalan ɗauri, bututun alminiyam, duk ana iya cirowa daga motar da aka yanka. Kwamfireso na hannu sai wanda aka toshe bakunansa tun ranar da aka cire shi, ya juya da hannu sumul, man da ya zubo daga cikinsa kuma ya fito garau. Diraya, wato ɗan tulun da ke shanye danshi daga gas, da zoben roba ba a sayen na hannu ko kyauta ne.

Mataki na biyar: abin da ake canzawa tare

Juye man tsohon kwamfireso a farin kofi ka duba. In garau yake, an yi sa'a. In ya yi baƙi ko toka-toka, ko kana ganin ƙyalƙyalin garin ƙarfe, kwamfireson ya niƙe kansa ya watsa garin cikin layi gaba ɗaya. Sabon da ka ɗaura a haka zai sha wannan garin ya bi sahun na farko.

A irin wannan hali ana canza kwamfireso da diraya da bawul ɗin fesa gas tare. Wasu motocin, musamman ƙirar Amurka, maimakon bawul suna da ɗan siririn bututu mai raga a cikin layi, da tulu a ɓangaren dawowa maimakon diraya. Su ma canza su ake yi. Kwandensa kuwa ya danganta da irinta. Tsohuwar ƙira mai bututu ɗaya da ke lanƙwasa yana kai da komowa tana wankuwa. Ta zamani mai faffaɗan bututu a jere, ramukan cikinta ƙanana ne ƙwarai, ruwan wanki yana bin waɗanda suke buɗe ya bar toshassun, don haka sabuwa ake sa wa. Ibaforeta da tiyo ana wanke su da ruwan wankin esi, kowanne shi kaɗai, a busar da naitirojin. Ba a tura ruwan wanki ta cikin kwamfireso ko diraya ko bawul. A bas mai esin baya kar a tsallake dogayen bututun da bawul na biyu, garin ƙarfe yana zuwa can ya kwanta.

Ko da kwandensa ko tiyo kaɗai ka canza, in layin ya daɗe a buɗe ko babu gas, sa sabuwar diraya. Ƙwayoyin da ke cikinta danshi suke sha, in sun ƙoshi sun gama aiki.

Mataki na shida: ɗaurawa

Cire kan batir. Karanta takardar da ta zo da sabon kwamfireso, domin wani yana zuwa cike da mai, wani da ɗan kaɗan, wani a bushe. In layin mai tsabta ne kuma kwamfireso kaɗai ka canza, auna man da ya fito daga tsohon, juye na sabon, ka mayar masa daidai wannan awon. In an wanke layin duka, sai a zuba cikakken adadin da kamfanin mota ya faɗa, wani a kwamfireso, saura a raba wa sauran kayan. Mai in ya yi yawa yana rage sanyi, in ya yi kaɗan kwamfireso ya ƙone. Man PAG yana jan danshi daga iska, rufe robarsa da ka gama zubawa.

Kowane mahaɗi da ka buɗe a sa masa sabon zoben roba irin na esi, yawanci kore ne, a shafa masa ɗan man esi. Fara ɗaura noti da hannu, sannan ka riƙe da sifana biyu, ɗaya na riƙo ɗaya na murɗi. Alminiyam ba ya son ƙarfi, roba ce ke toshe gas, ba ƙarfin damtse ba. Diraya ita ce ta ƙarshe, kada a cire mata murfi sai lokacin haɗawa, kuma a bi kibiyar da ke jikinta: shigarta daga kwandensa take. Da an haɗa tiyo, juya farantin kwamfireso da hannu kamar sau goma don man da ya taru a ciki ya fita. Duba bel da fulin da ke ɗame shi tun kana wurin.

Mataki na bakwai: zuƙe iska da cika gas

Ɗaura famfon zuƙe iska na minti 30 zuwa 45, a bas mai esin baya a kai awa guda. Wannan ne ke fitar da iska da danshi. Rufe bawul ɗin geji, kashe famfo, jira minti 15. In allura ta motsa akwai yoyo, koma ka nemo shi.

Gas da sikeli ake cika shi, daidai giram ɗin da takardar bonet ta faɗa, ba da taɓa tiyo ana cewa ya yi ba. Motar da aka juya daga R12 ana zuba mata R134a kimanin kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na tsohon awon, a canza mata bakunan cikawa, a manna sabuwar takarda don bakanike na gaba ya sani. In injin yana aiki, ta ɓangaren ƙaramin matsi kaɗai ake ƙarasa cikawa, a hankali. Kada a buɗe bawul ɗin babban matsi a lokacin, zai mayar da matsi cikin tulun gas. Bar injin a silo na ƴan mintoci, sannan ka sa ma'aunin zafi a bakin iska na tsakiya. Digiri 5 zuwa 10 alama ce ta aiki ya yi kyau. Tabbatar fankar kwandensa tana tashi, ruwa kuma yana ɗiga a ƙasan mota.

Motar gida takan yi watanni a ajiye. A riƙa tada ta ana kunna esin dashbod minti goma duk mako biyu, don mai ya zagaya ya jiƙa robar bakin kwamfireso, in ta bushe ta nan gas ke sulalewa.

Esin kan rufi

Wannan ɗan'uwan esin taga ne na gida. Dometic da Coleman-Mach da Truma na cikin sanannun masu yin sa. A rufe yake ruf daga kamfani, ba shi da bakin cika gas. Tsofaffin R22 ne a cikinsu, na baya-baya R407C ko R410A, ba ruwansu da gas ɗin mota. In gas ɗinsa ya tsere ko kwamfireson ya ƙone, yawanci sauke shi ake yi a ɗora sabo.

Kafin a kai ga haka, cire wayar wutar waje, kashe janareta da inbata, ka hau ka buɗe murfin. In yana gurnani ba ya tashi, kafasita, wato ɗan gwangwanin da ke tara wuta don tada shi, ita ce abin zargi na farko, musamman in kanta ya kumbura. Tana riƙe wuta ko bayan an cire soket, sai an sauke mata caji kafin a taɓa ta. Sabuwar ta zo da lambar maikurofarad daidai da tsohuwar, bolt ɗinta kuma daidai ko sama. Motar fanka, ma'aunin da ke kashewa da kunnawa, da murfin roba da rana ta farfasa, duk ana samun su da lambar samfurin da ke kan lakabi. Wanke saƙar ciki da ta waje da matatar iska kaɗai yakan dawo da sanyin da aka ɗauka ya tafi.

In sabo za ka saya, auna ramin rufin. Na Amurka inci 14 ne kowane gefe, na Turai yawanci santimita 40. Duba wutar: bolt 120 ko 230. Ƙarfin sanyayawa da aka fi samu a ƙirar Amurka 13,500 ne da 15,000 a ma'aunin BTU, kuma sai ka tabbatar janaretanka zai iya tada shi. Nauyinsa yakan wuce kilo 30, mutum biyu ke ɗaga shi, a shimfiɗa katako a rufin don kada ya loɓa. Kankare tsohon soson da ke tsakaninsa da rufi, sa sabo, ka ɗaure kusoshi huɗun nan daga cikin ɗaki bi da bi har soson ya matse kusan rabi. In ka zarce, ruwan sama zai sami hanya. Farantin silin na ciki da maɓallansa ba kullum suke dacewa da sabon samfuri ba ko da kamfani ɗaya ne, don haka ka kwatanta lambobinsu tun kafin a sauke tsohon.